Sitacin da Na Wanke wa Sami

Ku da kuke kai gero inji a markaɗa muku shi kafin ku gama gaisawa da mai injin, ku ne kuke cewa gasara ba sana'a ba ce, wai jiƙo ne da tata kawai. Jiya ma na ji ɗayarku tana ce wa ƙawarta sitaci ai a leda yake zuwa. To ku gyara zama. Ni Hajo, da wannan aikin na tashi a Jibiya tun Turawa na mulki, da shi na tsufa, kuma a cikinsa na ga abin da har yau ban manta ba.

Gwaggona Dije ce ta koya mini, ƙanwar mahaifina. Daga Daddara ta ɗauko ni ina yarinya. Na daɗe a hannunta ban taɓa gero ba, aikina ɗibar ruwa daga gulbi da wanke ƙorai. Ruwan ma ba a zuba shi a aiki ranar da aka ɗebo, sai ya kwana a randa laka ta kwanta. Ƙwaryar da ta taɓa mai ko miya ba ta shiga ɗakin aiki har abada. Muna da dutsen niƙa, da rariya, da masaki manya guda biyu, da farin ƙyallen tata wanda Gwaggo ba ta yarda ko a goge hannu da shi. Akwai kuma gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa, shi ne abin goga rogo, kuma shi ya cinye mini fatar yatsun nan da kuke gani.

Gasarar gero ta masu koko ce. Sitacin rogo kuwa na masu wanki da guga ne. A lokacin nan bakin iyaka cike yake da masu kaki, ma'aikatan kwastan a ɓangarenmu, 'yan duwan a ɓangaren Faransa, kowa yana son wandonsa ya tsaya ƙyam kamar an sassaƙa shi. Masu wankin hula ma suna saye. Gwaggo takan ɗebi busasshen sitaci ta murza tsakanin yatsu a kusa da kunnena. In ya yi ƙara siririya, ya wanku. In ya yi shiru yana santsi, da saura, a mayar da shi ruwa. Ba ta faɗa, ba ta duka, mayarwa kawai take yi, ko da ya riga ya sha rana ya bushe.

Shekarar da gero ya lalace ita ta sa na san rogo sosai. Ruwa ya yi yawa, zangarniya ta ruɓe a gona, hatsi ya ɓace a kasuwa. Masu koko suka naɗe tabarmarsu, gasara ta tsaya cik. Motoci suka riƙa kawo garin rogo daga kudu, mutanen ƙauyukan Maraɗi suna tsallakowa da jakuna suna saye. Wanda bai samu ba sai ya tono rogo mai ɗaci ya dafa haka nan, wasu suka yi ta amai da jiri. Gwaggo ta daina sayar wa masu guga. Ta ce abin da mutum zai ci ba za a shafa wa wando ba. Muka riƙa goga rogon, mu wanke, mu tsiyaye, mu sake wankewa har ɗacin ya fita, a dama kunu da tsamiya. A daminar da ta biyo baya ta rasu, ta bar mini ƙorai da ƙyallen.

Aikin da nake so in ba ku labari ya zo bayan haka da 'yan shekaru. Mijina, Malam Sule, yana aiki a ma'aunin gyaɗa na wani Balaraben Sham, irin waɗanda muke ce wa Kwara. Yusufu Kwara ake kiransa. Yana sayen gyaɗa daga ƙauyuka da wadda ake shigowa da ita daga tsallake, ya loda wa motoci zuwa Kano. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Matarsa Salma muke ce wa Madam, kuma suna da ɗa guda ɗaya, Sami.

Duk unguwa ta san yaron nan. An haife shi lafiya, ya sha nono ya yi ɓulɓul, sai abu ya tsaya. Ya wuce shekara biyu bai tafiya, bai zama sai an tokare shi. In ka kira sunansa ba ya juyowa. Yakan yini yana rangaji gaba da baya, wani lokaci ya riƙa buga kai a bango, wani lokaci jikinsa ya ɗauki jijjiga. Uwa da uba duk baƙin gashi gare su, nasa kuwa ya koɗe kamar gemun masara. Fatarsa duk ƙuraje. Kuma akwai wani wari da ke tashi daga jikinsa da fitsarinsa, kamar ɗakin da ɓeraye suka daɗe a ciki, komai wankan da aka yi masa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne. Yusufu bai raina kowa ba, ya karɓi rubutu ya karɓi hayaƙi, ya kai shi asibitin Katsina, ya kai shi Kano. Daga ƙarshe bayan kakar gyaɗa ya rufe kanti, suka hau jirgi da yaron zuwa ƙasar Turawa.

Da suka dawo, da akwatunan gwangwanaye suka dawo. Ba a jima ba Malam Sule ya zo gida ya ce Madam tana nemana. Wai ta ga sitacin da mai wankinsu ke amfani da shi, ta ɗanɗana, ta tambayi wanda ya yi.

Na same ta a bayan gida, yaron yana kan tabarma yana rangajinsa. Ta ba ni kujera ta zauna ta yi mini bayani da Hausarta mai gargada. Ta ce likitocin can sun gano ciwon, kuma ba a daɗe da sanin maganinsa ba. Akwai wani sinadari a cikin duk abincin da ke gina jiki. Ni da ita in muka ci, jikinmu yana sarrafa shi ya wuce. Jikin Sami bai iya ba. Sai abin ya taru a jininsa ya hau kai ya danne ƙwaƙwalwa. Ta faɗi sunansa ban riƙe ba. Sai da na tsufa jikata Hindatu, wadda ke aikin jinya, ta maimaita mini har ya zauna: fenilalanin. Ita ta gaya mini ma yanzu har cikin wasu lemukan kwalba marasa sukari akwai shi, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikinsu.

Na tambayi Madam wane abinci ne ke da shi. Ta fara lissafi da yatsu: nama, kifi, ƙwai, nono. Na gyaɗa kai. Ta ce wake, da duk abin da aka yi da shi, ƙosai, alala, ɗanwake. Ta ce gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi. Sai ni na shiga tambaya. Kilishi? Ta ce shi ne ma gaba, nama ne aka shafe da gyaɗa. Fara? Ta yi tunani ta ce ai nama ce. Daddawa? Na kawo mata ƙwayar kalwa ta gani, ta ce wannan ɗan'uwan wake ne, a cire. Gero da dawa da alkama ma akwai shi a ciki, sai dai ɗan kaɗan da awo.

Na ce, "Madam, to mi ya rage? Kin ƙirga duk abin da Allah ya yi don ɗa ya girma."

Ta ce, "Shi ya sa na kira ki, Hajo. Ina son abin da babu komai a cikinsa."

Ta nuna mini garin da ke cikin gwangwanayen. Shi ne abincin gina jikinsa, an cire masa sinadarin nan a can. Na lasa, ɗaci da wari kamar a yi amai. Ta ce ba don garin nan ba, sitaci kaɗai ba zai raya shi ba, yunwa ce za ta kashe shi da cikinsa cike. Ta kuma ce ba a hana shi sinadarin gaba ɗaya, jiki yana bukatar ɗan kaɗan, don haka kullum akwai 'yar madarar da take auna masa da ƙaramin cokali, ba ƙari ba ragi. Abin da ya rage shi ne abin da zai cika masa ciki ya ba shi ƙarfi, kuma wanda za a ɓoye ɗacin garin a ciki. A ƙasar Turawa akwai irin fulawar da ake yi wa yara irinsa. A Jibiya babu, sai ni da ƙoraina.

Rogon farko da na yi masa daga fadamar Gangara aka kawo shi. Na zaɓi mai daɗi, wanda bai kwana biyu da tonowa ba, na feraye, na wanke, na goga. Na zuba ruwan randa na dama, na tace a ƙyalle, farin ruwa ya sauka a masaki kamar madara. Sai jira. In kin yi gaggawar tsiyayewa, rabin aikin ya bi ruwa. In kin bar shi ya daɗe cikin zafi, ya yi tsami. Da ya kwanta na tsiyaye, na kankare dattin saman da marar ƙwarya, na sake zuba ruwa na dama. Na masu guga in ya yi fari an gama. Na Sami sai da ruwan da ke kansa ya zama kamar wanda aka ɗebo yanzu daga randa, ina ganin fuskata a ciki. Na shanya a sabon faifai, na rufe da mayafi saboda ƙuda da ƙura, na zauna kusa ina korar kaji. Na sayi sababbin ƙorai don shi kaɗai, na yi musu alama da wuta.

Ranar da Madam ta nuna mini wankin alkama ita ce ranar da na fara gane abin da idona. Ta kwaɓa garin alkama ya yi tauri, ta sa cikin ruwa tana matsawa a hankali. Ruwan ya yi fari, curin yana raguwa, har abin da ya rage a hannunta wani abu ne mai launin toka yana miƙewa kamar danƙo. Ta ɗaga shi ta ce wannan shi ne jikin Sami ba ya so, farin da ke kwanciya a ƙasa shi ne nasa. Na karɓa ina ja yana komawa. Tun ina yarinya nake cin alkaki da finkaso, ban taɓa sanin abu biyu ne a cikin ƙwaya ɗaya ba.

Daga nan sauran ya riƙa buɗe mini. Man gyaɗa Sami zai ci, amma tunkuzar da aka matse man daga cikinta ba zai ci ba. Man shanu in an soya shi ya tsane tas zai ci, nonon da aka kaɗa ya fito daga ciki ba zai sha ba. Na riƙa tafiya cikin kasuwa ina kallon kayan mutane kamar ban taɓa ganinsu ba. Kowace ƙwarya in na duba sai in tambayi kaina, a cikin wannan wane ɓangare ne nasa, wane ne ba nasa ba. Zuma nasa ne, rake nasa ne, tsamiya, gwanda, mangwaro, kabewa, tumatir, albasa. Ga mai balangu yana fifita wuta, ga Fulani da ƙoran nono, kowa na ci yana ƙara lafiya, ga yaro ɗaya a garin nan wanda wannan duka ke rufe masa kai. Uban kuwa tsakiyar buhunan gyaɗa yake yini.

Dafawar ma ba ta zo da sauƙi ba. Sitaci ba shi da danƙo, in ka soya sai ya watse a kasko. Mun ɓata mai ba kaɗan ba ni da Madam. Wata rana ina kaɗa miyar kuɓewa a gida na ga yadda take bin maburgi, sai na jiƙa ɗanyar kuɓewa na tace yauƙin, na kwaɓa sitacin da shi da dafaffiyar kabewa. Ya kama jikinsa. Ya fito kamar 'yar waina, ja-ja, da zuma a kai. Tuwo kuwa na sitaci da rogo, miya ba nama ba daddawa. Na ɗanɗana miyar nan na ce wannan ko baƙon da ba a so ba a ba shi. Madam ta yi dariya, ranar na fara ganin haƙoranta. Garin gwangwani kuma a kunun tsamiya muke ɓoye shi, da zuma mai yawa, duk da haka sai an yi kokawa kafin ya haɗiye.

Warin ne ya fara tafiya. Na shiga da faifai wata safiya na ji ɗakin ba ya yi. Sai ƙurajen suka bushe. Bayan wasu watanni na lura gashin da ke fitowa daga tushe baƙi ne, saman fari ƙasan baƙi, kamar an tsoma kansa a baban rini. Rangajin ya ragu. Rannan na ajiye ƙwarya ta yi ƙara, sai ya juyo. Ya dubi ƙwaryar, ya ɗago ya dube ni, cikin ido, ya daɗe. Na sha ganin yaron nan, amma ranar ce ya fara ganina. Madam tana tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen zanenta. Kafin wata kakar ya fara rarrafe, ya kama bango ya miƙe.

Sai abu ya juye. Akwai maƙwabciyarsu, Asabe mai ƙuli-ƙuli, dattijuwa ce mai hannun kyauta, babu yaron da zai wuce gabanta ba ta danƙa masa wani abu ba. Ta sha faɗa a bakin rijiya cewa hana yaro nama da nono zalunci ne, wai Turawa sun ruɗe baiwar Allah. Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Kwatsam Sami ya koma baya. Ya daina kama bango, ya koma buga kai, ya yi ta kuka ba dalili, warin ya dawo. Madam ta auna komai ta sake aunawa ba ta ga kuskure ba. Sai ta tambaye ni, a hankali, ko na canza ƙwarya, ko na haɗa da gasarar gero. Na ce ban yi ba. Ta ce in dakata da kawowa tukuna. Malam Sule ya riƙa dawowa daga ma'auni ba ya iya cin tuwo, don Yusufu ya daina amsa masa gaisuwa da sakin fuska.

Asabe da kanta ta je. Kukan yaron take ji ta danga har ta kasa zama. Ta aiko aka kira ni, muka shiga tare. Ta durƙusa ta ce ita ce. In Madam ta shiga hutun rana, yaron yakan rarrafo wajen dangar baya, ita kuma sai ta miƙa masa ƙuli da 'yar fura da nono a ludayi. Ta ce yadda yake karɓa da hannu biyu ne ya hana ta dainawa.

Na ɗauka Madam za ta yi ihu. Sai ta kama hannun Asabe ta ɗaga ta, ta kai ta har inda yaron yake kwance, ta ce ta sunkuya ta shinshina kansa. Asabe ta sunkuya. Ta ɗago ta dubi goshin da ya kumbura saboda bugun bango.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga duk ƙulina ne?"

Madam ta ce, "Ƙulinki mai kyau ne, Inna. Ki ba kowane yaro. Ban da wannan."

Ya ɗauki lokaci kafin ya dawo inda yake, amma ya dawo, ni ma na koma wankina. Asabe kuwa ta zama mai gadinsa. Ta bi masu tallar unguwa ɗaya bayan ɗaya, mai ƙosai, mai dafaffiyar gyaɗa, mai nono, ta gaya musu abin da ta gani da idonta. Ku ba ku san wuyar wannan ba. A garinmu yaro ya miƙo hannu ka janye naka, abin kunya ne. Sai ga mata suna rufe faranti in sun hango shi, wasu suna kawar da kai don kada su ga idonsa. Daga baya suka koyi ajiye masa nasa: guntun rake, 'yar magarya, yankan gwanda.

Kada in yi muku ƙarya, Sami bai zama kamar sauran yara ba. Likitocin sun gaya wa iyayen tun farko cewa abin da ya riga ya taɓu ba zai dawo duka ba, da tun yana jariri aka gano da ba haka ba. Amma ya yi tafiya da ƙafarsa, yana ɗan jan ɗaya. Ya san mutane. Ya riƙa kama kalma ɗaya-ɗaya, wasu na Larabci wasu na Hausa. Ni Ajo yake ce mini.

A kakar gyaɗa ta ƙarshe kafin su tashi daga Jibiya su koma ƙasarsu, na kai sitaci da hantsi na tarar Madam tana gaban kanti da yaron. Filin cike yake, buhuna an jera su sun fi tsayin mutum, 'yan dako suna kai da kawowa, Malam Sule yana kan ma'auni. Wani direba ya shigo daga Maraɗi da lodi, baƙo ne, bai san kowa ba. Ya sauko yana miƙa, ya ga yaro fari yana tsaye kusa da tayar motarsa. Madam ta juya tana karɓar faifai daga hannuna. Mutumin ya sa hannu a wani buhu da ya yage, ya cika tafinsa da ɓararriyar gyaɗa, ya tsuguna ya miƙa masa.

Mu duka mun gani a lokaci guda, kuma dukanmu mun yi nisa. Malam Sule ya saki igiyar ma'auni. Asabe ta miƙe daga gaban farantinta. Madam ta sakar mini faifan ta juya.

Sami ya dubi gyaɗar. Ya matso har ya sa yatsa ya taɓa ƙwaya ɗaya ya juya ta. Sannan ya mayar da hannayensa biyu baya, ya ɗago ya dubi direban.

Ya ce, "Ba nawa ba."

Direban ya yi dariya ya ce ai kyauta ce, ɗauki. Sami ya girgiza kai ya sake faɗa, a hankali, yadda ake yi wa wanda bai gane ba. Sai ya juya, yana jan ƙafarsa, ya ratsa ta tsakanin buhunan ya zo ya kama bakin zanena yana leƙen faifan. Direban ya miƙe da gyaɗarsa a hannu, yana duban 'yan dako da suka tsaya cak da buhuna a ka, ya tambayi Malam Sule ko wani abu ya faru.